Rabin Minti na Fuskar Azumi

Duk wanda ya zauna Birnin Gwari a shekarun nan na bayan yaƙin basasa ya san Nababa mai majigi. In bai san shi da fuska ba, to ya san shi da murya. Dogo ne siriri, mai saurin tafiya da saurin fushi, kuma Allah ya hore masa maƙogwaro. Shekara takwas ya yi yana bin motar majigin gwamnati ƙauye-ƙauye, daga Tabanni zuwa Kazage har can cikin ƙasar Zazzau. In an kafa farin ƙyalle an haska hoto, shi ke riƙe lasifika yana gaya wa jama'a abin da suke gani: ga yadda ake zuba takin zamani, ga amfanin yi wa yara lamba. Mutane sun fi son bakinsa a kan hoton, don ba ya rasa gishirin da zai ƙara. Saniya in ta gifta a majigi sai ya ce ta Sarkin Pawa ce ta tsinke igiya.

Shi kuwa abin ya daina yi masa daɗi. Ya gaji da surutu a kan hoton da wani ya ɗauka. Sau biyu ya ga masu ɗaukar fim na ma'aikatarsu suna aiki a Kaduna, ya tsaya daga gefe ya zuba ido. Akwai wani mai gajeren wando da ke ta daka tsawa, wannan ya tsaya, wancan ya sake, kowa na rawar jiki. Aka ce masa ai shi ne darakta. Nababa ya ce a ransa, in dai tsawa ce aikin, ai shi da ita aka haife shi.

A 1971 wani malamin makaranta Ba'indiye da zai koma ƙasarsu ya sayar masa da 'yar kyamarar fim, wadda ba ta fi kwanon sha girma ba. Ana murɗa mata wani ɗan hannu a gefe, ta yi gudu na rabin minti ta tsaya, sai an sake murɗawa. Ba ta ɗaukar magana, hoto kawai. Malamin ya haɗa masa da wani ɗan akwati mai gilashi da ƙwan tocila a ciki, wanda ake zura fim a juya da hannu a kalla, da kuma naɗi uku na fim. Kowane naɗi minti huɗu ne, kuma in an ɗauka sai an aika Kaduna, daga can a tura Turai a wanko, wata biyu kafin ya dawo. Nababa ya ajiye aikin gwamnati ya dawo gida da wannan kaya. Dangi suka yi ta salati.

Kowa ya kawo shawarar abin da zai ɗauka. Wasu suka ce kasuwa, wasu suka ce dambe. Ya ce a'a, zai ɗauki yadda matan Randagi ke yin man kaɗe, don na baya su gani. Rabin gaskiya ya faɗa. Wadda ta fi kowa iya man kaɗe a Randagi ita ce Azumi, kuma Azumi ce ta haife shi.

Nababa ɗan fari ne, ita kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari irin riƙon mutanen da, babu sassauci. Tun da aka yaye shi aka kai shi wurin kakarsa a cikin gari, can ya girma. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ta kama dole sai ta ce "wancan", ko "mutumin birni". In ya je gaishe ta ya durƙusa a bakin ƙofa, takan amsa tana tsince wake ko tana duban bango. Ƙanwarsa Laraba, autar gidan, ita ke hawa cinyarta har ta yi wayo, ita ake zagi, ita ake yi wa dariya. Shi ko zagin bai samu ba. Ya kai shekara talatin da huɗu bai san yadda idon uwarsa yake ba in ya sauka a kansa. Kowa na ce masa al'ada ce, ba ƙi ba ne, shi ma ya san haka, amma abin na cin sa, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Dabararsa ke nan: kowa yana duban kyamara. In ta dubi kyamara, shi kuma yana bayanta, to ta dube shi.

Ya aika cewa yana nan tafe ranar Talata. Ya ɗauki abokinsa Andrawus a bayan babur, wani Bagware malamin daji wanda suka yi firamare tare, mutum mai sanyi kamar randa. Suka isa da hantsi. Me Nababa zai gani? An share gindin tsamiyar da ake aikin man tas, an kwashe tukwane da tasoshin an ɓoye, wai sun yi baƙi ba su dace da hoto ba. Matan unguwa sun ci ado, atamfa da ɗankunne da kwalli, sun jera a kan benci hannu bisa gwiwa, ba mai motsi. Suna jiran a ɗauke su.

Ya hau tsawa. A fito da tasa, a fito da ƙwarar kaɗe, ke tsuguna, ke daka, kar wadda ta dube ni. Suka bi umarni iyakar iyawarsu. Amma wa za ta zura hannu cikin ƙullin kaɗe da zanen sallarta? Da kan yatsu suke taɓawa, suna ƙyalƙyala dariya, kowace ido ƙur a kan kyamara. Ana cikin haka maƙwabcinsu Dabo ya dawo daga gona, ya ga baƙo, ya miƙe tsaye har gaban gilashin kyamarar ya tsaya gaisuwa, ya gajiya, ya iyali, ya mutanen birni. Azumi kuwa ɗaki ta shige, ta aiko da fura. Sau ɗaya ta gifta za ta ɗebo ruwa, ta ba su baya. Bayan wata biyu fim ya dawo, Nababa ya zura a akwati ya juya. Minti huɗu na haƙora da cikin Dabo.

Naɗi na biyu sai ya ce wayo zai yi. Bai aika ba. Ya ajiye babur a nesa, ya zagaya ta cikin dawa, ya laɓe bayan rumbu. Ga Azumi a gindin tsamiya da tsohon zanenta, ta durƙusa gaban babbar tasa, hannu biyu cikin ƙulli har gwiwar hannu, tana bugawa. Ya danna. Abin da ya manta shi ne kyamarar tana da ƙara irin ta keken ɗinki. Ta tsaya cak. Ba ta waiwaya ba. Ta kama tasar ta juya ta, ita ma ta juya, ta fuskanci zana, ta ci gaba da aikinta. Haushi ya sa ya yi ta murɗawa yana ɗauka, har fim ɗin ya ƙare a kan bayanta.

Laraba ta fito ta same shi a bayan rumbun.

"Yaya, Inna ta ce a gaya wa wancan ya daina laɓe, ita ba ta haifi ɓarawo ba."

Nan zuciya ta ɗebe shi. Ya ɗaga muryar nan tasa ta lasifika, yadda duk gidan zai ji.

"Ki tambaye ta, ni dodo ne? Me na yi da ba za a dube ni ba?"

Gidan ya yi tsit. Har mai daka a maƙwabta ta dakata. Bugun tasar ne kawai bai tsaya ba.

"Yaya, ka tafi," in ji Laraba a hankali.

Ya tafi ba sallama. Kafin ya kai inda ya ajiye babur kunya ta gama rufe shi, don ya san maganar za ta zaga Randagi kafin azahar, kuma ita za a yi wa kallo, ba shi ba.

Da wannan naɗin ya dawo, bai so ma ya duba ba. Da ya duba, sai ya ga abin da bai zata ba. Babu fuska, gaskiya ne, amma aikin na nan. Kafaɗunta na hawa suna sauka, gwiwar hannu na fita tana komawa, ƙullin yana sauya launi daga baƙi-baƙi zuwa fari. Babu wanda ya ba ta umarni, kuma ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba. Ya kalla sau uku, ransa a jagule.

Ya hau babur ya tafi wurin Andrawus a bakin daji. Ya same shi zaune kan kututture yana gyaran takalmi. Ya zazzage masa komai, har abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Andrawus ya bari sai da ya gama.

"Shekara goma ina gadin dajin nan," ya ce. "Ban taɓa ganin gada ranar da na fita nemanta ba. Sai ranar da na zauna ina harkar gabana."

"Uwata kake haɗawa da gada?"

"Kai nake haɗawa da maharbin da ba shi da haƙuri. Wai mutumin nan na Kaduna mai gajeren wando da kake ba mu labari, shi ke riƙe da kyamarar?"

Nababa ya tuna. Ba shi ba ne. Wani ne daban ke leƙa gilashin, shi mai wandon hannunsa wayam. Tsawar ce ta ɗauke masa hankali, bai lura da cewa kafin tsawar mutumin yakan yi awa guda yana zagayawa, yana duban rana, yana matsar da kujera, yana yi wa wannan raɗa.

"Muddin kana wurin ba za ta ɗaga kai ba," in ji Andrawus. "Ni kuwa har zagina take yi."

Maganar ta yi masa zafi, don ya gane abin da take nufi. In ya ba wani kyamarar ya bar wurin, zai iya samun fuskarta, amma ba shi za ta duba ba. Abin da ya sayo kyamarar dominsa ke nan, kuma shi ne zai bari. Ya kwana biyu yana juya abin. A rana ta uku ya ce to, ko fuskar ce kawai a samu, naɗi ɗaya ya rage.

Sai da ya fara zuwa ban haƙuri. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Inna, na yi kuskure." Ta ce wa bango, "Ya wuce." Daga nan ya shiga zuwa Randagi duk ranar da ake man, ba kyamara a hannunsa. Yakan zauna can nesa wajen turken awaki kamar mai jiran wani, yana kallo ta wutsiyar ido. A mako uku ya koyi abin da bai sani ba duk da shekarun da ya yi yana shafa man. Ya ga yadda ake soya ƙwarar, a daka, a niƙa, a zuba ruwa kaɗan-kaɗan ana bugawa. Ya gane cewa da hantsi rana na shigowa ta ƙarƙashin tsamiyar daga gabas, ta haska duk wanda ya fuskanci hanya. Ya kuma lura cewa in farin kumfan man ya taso, Azumi takan miƙe bayanta ta share goshi da damtse. Nan ne kawai take ɗaga kai.

Andrawus kuma ya sha horo. Nababa ya ba shi kyamarar ba fim a ciki, ya sa shi bin awaki. Manne gwiwar hannu a haƙarƙari, riƙe numfashi, kar ka bi abu da sauri, in ka fara kar ka tsaya sai ta tsaya da kanta. Sa'an nan ya tura shi gindin tsamiya ya yi ta ƙarar banza a kan matan, yau da gobe, har suka gaji da ado, suka gaji da dariya, suka koma ce masa ya matsa yana tare musu iska. Daga wajen awaki Nababa yana jin Azumi tana cewa, "Andarawus, kai dai ba ka da aikin yi, zo ka riƙe mini ludayi." Yana jin dariyarta. Kishi kamar ya kashe shi, amma ya zauna.

Ranar da za a ɗauka, bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Ya ajiye dutse inda Andrawus zai tsaya. Ya ce wa Laraba ta jawo tasar ta fuskanci hanya tun kafin Inna ta fito, ta kuma zauna kusa da ita tana yi mata hira. Daga nesa yake yi wa Andrawus alama da hannu: ɗauki tukunya, ɗauki turmi, ɗauki hannu. Suka bar murɗi ɗaya na ƙarshe, rabin minti, don fuska.

"In kumfa ya kusa tasowa zan yi sallama in tafi," ya ce masa. "Ba zan tada babur ba, kar ƙara ta ɓata mana. Tura shi zan yi. In na kai ɗorawar can inda hanya ta karya, zan cire hula. Kana gani ka danna."

Da lokaci ya yi ya matso ya durƙusa.

"Inna, zan koma."

"To. A gai da gida," ta ce wa tasar.

Ya kama babur ya tura. Tsakanin tsamiya da ɗorawa bai fi taki ɗari ba, amma ya ji tsawonsa. Ya kai, ya cire hula, ya ci gaba da tafiya. Wuyansa har ƙaiƙayi yake don son waiwaye, ya hana kansa, kar ta hango shi ta sunkuyar da kai a yi asarar fim ɗin. Ya karya kwana ya zauna a kan wani dutse yana jira, har Andrawus ya iso.

"Ta ɗaga kai?"

"Ta ɗaga."

"Ta dubi kyamara?"

"Ni da ido ɗaya a rufe, ɗaya a cikin rami, me zan gani? Bari a wanko."

Amsarsa ke nan har suka isa gari, duk da Nababa ya tambaye shi ya fi sau biyar.

Mako bakwai aka yi. Ranar wata Alhamis bayan azahar ɗan ƙunshin fim ɗin ya iso. Nababa ya shiga ɗaki ya tura ƙofa, ya sa sabon batir a akwatin, ya zura fim, ya fara juyawa. Tukunya ta fito da kyau. Turmi ya ɗan karkace, Andrawus ne. Hannuwa sun yi yadda yake so. Sai ga fuska.

Tsohuwa ce ƙarama, ta fi yadda yake zato tsufa. Akwai wani ɗan tabo a gefen girarta na hagu wanda bai san da shi ba. Ba ta share goshi ba, kuma ba ta dubi kyamara ba. Hannuwanta na cikin tasa, sun daina motsi, man na gangarowa a damtsenta. Ta miƙa wuya, ta ɗan karkata don kan Andrawus ya tare mata, tana duban wani abu can bayansa. Laraba na yi mata magana a gefe, ko a jikinta. Idanun suna bin abin a hankali, daga dama zuwa hagu, leɓunanta na motsi. Da abin ya kusa ɓace mata sai ta ɗago daga durƙuson, ta dafa bakin tasar, don ta ƙara ganinsa. Nan fim ya ƙare.

Daga dama zuwa hagu. Haka hanyar ɗorawa take in kana gindin tsamiya. Nababa ya mayar da fim ɗin baya ya sake juyawa, ya sake, ya kuma sake. Ya kifa kai a kan akwatin ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro.

Ranar kasuwa Laraba ta shigo gari da man sayarwa. Ya ja ta ɗaki ya nuna mata. Ta leƙa, ta kalla har ƙarshe, ta ɗago tana dubansa da mamaki.

"Yaya, wannan ne ka rufe ƙofa dominsa? Ai kullum haka take yi. Duk zuwan da kake yi, in ka juya baya sai ta bar abin da take yi har ka ɓace. Ranar da ka yi mana ihun nan ma haka ta yi."

"Me take faɗa?"

"Addu'a mana. Kai ne dai ba ka ba ta lokaci, kana fita ka tada babur, fuu, ka tafi."

Nababa ya yi shekaru yana wannan sana'a bayan haka. Ya ɗauki masu saƙa, da masu ɗiban zuma a daji, da bikin girbi na su Andrawus, yana yawo da finafinan a makarantu ana rufe taga da tabarma a kalla. Bai yi suna ba, ko Kaduna ba a san shi ba. Waɗanda suka yi aiki da shi sun ce yakan yi kwana uku a wuri kafin ya fito da kyamara, kuma in yana ba da umarni sai ka matso kafin ka ji. Na man kaɗen an kalle shi a wurare da yawa, amma ya yanke rabin mintin ƙarshe ya ajiye, bai nuna wa kowa ba bayan Laraba. Ya ce in Randagi ta gani, Inna ba za ta ƙara iya fita gindin tsamiya ba.

Azumi ta ƙara shekara shida a duniya. Har ta koma ga Allah ba ta kira sunansa ba, ba ta dube shi ido da ido ba, shi ma bai sake nema ba. Abu ɗaya ne ya sauya. In ya yi mata sallama, ba ya tada babur. Yakan kama shi ya tura, mutumin nan mai saurin tafiya, taki ɗaya bayan ɗaya kamar mai ciwon ƙafa, wani lokaci har ya tsaya ya duba taya ba abin da ya same ta. Dabo ya sha tambayarsa ko mai ne ya ƙare. Haka yake yi har ɗorawa, kuma ko sau ɗaya bai waiwaya ba.